Allura Ba Ta Motsa Ba

Talata, ƙarfe 5:40 na yamma

Dogo, abokin aikinmu, yana asibiti. Hannun dama da gefen wuya. Sun ce zai tashi.

Abin ya faru wajen sha ɗaya na safe. Ya je ɗibar samfurin mai a bayan ganga ta huɗu kamar yadda ya saba kullum, yana buɗe famfon sai man ya yi tsartuwa ya watso masa. Mai mai zafi ba ya yin haka sai in ruwa ya shige shi, ruwa kuwa ba shi da hanya sai ta cikin ganga.

Bari in rubuta yadda gangar take, tun da Auta ta sha tambayata abin da nake yi a masana'anta shekara ashirin da shida, ni kuma sai in ce mata zaman kallon ƙarfe. Ganga sunan da muka sa mata ne. Tulun ƙarfe ce a kwance, tsawon ƙaramar bas, cikinta cike da bututai masu kaurin babban yatsa. Mai yana bi ta cikin bututan, ruwan sanyi yana zagaye su ta waje, ruwa ya kwashe zafin mai ba tare da sun taɓa juna ba. Bakin kowane bututu yana cikin ramin wani faranti mai kauri, an zagaye shi da walda. Bakuna ɗari huɗu da goma sha biyu, layi ashirin. Aikina in tabbatar babu mai yoyo a cikinsu. Ina cika ganga da ruwa, in matsa da famfo har allurar geji mai nuna matsi ta kai ashirin da biyu, in kulle bawul, in jira minti talatin. Ina duban allura, ina bin bakunan layi-layi da tocila. Wanda ya yi hawaye in zagaye shi da alli. In babu, in sa hannu a takarda. Shi ya sa ake ce mini Mai Alli.

Ganga ta huɗu ni na gwada ta, kwana goma sha tara da suka wuce. Allura ba ta motsa ba. Na sa hannu.

Laraba, ƙarfe 6:15 na yamma

An tsayar da sashen, an buɗe murfin ganga. Layi na sha tara, baki na uku da na huɗu, ƙasa ta hagu. Injiniya ce ta gano su, ko minti biyar ba ta yi ba. Ina tsaye kusa da ita. Hasken rumfar gyara ba shi da kyau, na daɗe ina faɗa.

Waldar bakunan aikin Tartsatsi ne, ƙanin matata. Ni na kawo shi masana'anta shekara goma sha huɗu da suka wuce, bakinsa ya fi injin waldarsa fitar da wuta, sunan ya bi shi. A baki ɗari huɗu, a ce biyu sun yi hawaye ba abin kunya ba ne ga mai walda, kowa yana yi. Ana zagaye su da alli, ya sake taɓawa, a sake gwaji, shi ke nan.

Matsalar wata ce. Washegarin gwajina, da aka zo ɗaga gangar, an ga ƙafarta ɗaya ta tsage. Foman ya ce wa Tartsatsi ya ɗan taɓa ta da walda, umarni da baki kawai, babu takarda. Ƙafar kuwa ko taƙi biyu ba ta kai ba daga wannan kusurwar ta hagu. Yau Foman ya ce bai tuna ya ce komai ba.

Alhamis, ƙarfe 1:20 na rana

Manaja ya kafa kwamiti, Injiniya ce shugaba. An dakatar da Tartsatsi, an karɓe hatiminsa. Kowane mai walda yana da ɗan hatimin ƙarfe mai lamba, yana buga shi a gefen aikinsa. Nasa sha bakwai ne. In aka kore shi da wannan laifin ba zai sake riƙe hatimi a ko'ina ba, masana'antu suna tambayar juna.

Lissafinsu mai sauƙi ne. Takardata ta ce babu yoyo ranar gwaji. To ashe yoyon daga baya ya zo. Wanda ya kai wuta kusa da farantin daga baya mutum ɗaya ne, kuma ba shi da takardar izini.

Manaja ya tsayar da ni a baranda ya dafa kafaɗata. "Mai Alli, takardarka ce ta rufa mana asiri. Shekara ashirin da shida ba a taɓa dawo maka da ganga ba. Surukin nan naka dai, sai haƙuri."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Shinkafar ɗakin cin abinci yau ta yi gishiri.

Juma'a, ƙarfe 6:30 na safe

Maman Auta ta kawo shayi, ba ta yi maganar ba. Ni ma ban yi ba.

Asabar, ƙarfe 5:00 na yamma

Tartsatsi ya zo bayan azahar. Bai shigo da ihunsa na neman abinci ba, sallama ya yi ƙasa-ƙasa kamar baƙo. Ya zauna a bakin kujera yana juya makullin babur.

"Yaya, ka san hannuna," ya ce. "Wallahi tsumma na jiƙa na lulluɓe farantin kafin in kunna wuta. Ɗan ɗinki uku na yi, ina yi ina taɓawa da tafin hannu. Ko ɗumi bai yi ba."

Na ce na sani.

"To ta ina ruwan ya bi? Na kwana biyu ina juya abin. Wani a kwamiti ya ce ko gwajin ne, na ce ya rufe mini baki. Na ce idon Yayana ko gumin sauro ne a jikin ƙarfe sai ya gan shi."

Yayarsa tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta ce, "Kai dai ci abinci." Ya ci loma uku ya ce ya ƙoshi. Mutumin da in ya zo gidan nan sai an ɓoye tukunya.

Da zai tafi na raka shi, na bugi ƙyauren ƙofa da kafaɗar hagu. Wani ya bar ta rabi a buɗe.

Lahadi, ƙarfe 11:00 na safe

Akwai ƙaramin littafin da nake sawa a aljihu ranar gwaji, ina rubuta abin da fom ba shi da gurbinsa. Yana cikin aljihun rigar aiki. Ban buɗe shi ba.

Litinin, ƙarfe 6:00 na yamma

Ƙaramar ganga ta sashen wanki, baki tamanin da shida. Gwajin iska da ruwan sabulu. Ana shafa kumfa a faranti, inda ke yoyo sai ya riƙa hura ƙwai. Ina son wannan gwajin, ƙwan sabulu babba ne, ba ya ɓuya. Biyu na zagaye. Mai waldar da aka ba wurin Tartsatsi ya gyara, na sake gwadawa, na sa hannu.

Hular Tartsatsi tana nan rataye a ƙusarta. An ɗora mata safar hannun wani.

Talata, ƙarfe 6:40 na yamma

Na je duba Dogo. An naɗe shi daga kunne har yatsu, amma bakin yana aiki. "Mai Alli, ka ga an soya ni babu ko albasa," ya ce. Na yi dariya saboda yana jira in yi. Likita ya ce yatsu biyu sai a hankali, watakila su lanƙwashe, watakila a'a.

Da na fito na tarar da Tartsatsi a bencin waje da leda a cinya. Ashe kullum yana zuwa. Matar Dogo ta hana shi shiga, ta ce ba ta son ganin wanda ya ƙona mata miji. Shi kuma bai yi musu ba, sai ya zauna har lokacin ziyara ya ƙare ya ba nas ledar ta shigar.

Ya ce, "Yaya, ya jikin nasa?"

Na ce da sauƙi. Na ce ina sauri, kuma ba saurin komai nake ba.

Laraba, ƙarfe 6:20 na safe

Ban buɗe shi ba.

Alhamis, ƙarfe 4:30 na yamma

Kwamiti ya kira ni. Mutum huɗu a dogon tebur, Injiniya a tsakiya. Lokacin da ta zo masana'anta sabuwa ni na koya mata riƙe tocila a karkace, don hasken ya kwanta a kan ƙarfe ɗigon ruwa ya yi ƙyalli. Har yanzu Baba take ce mini in babu mutane. Yau Malam ta ce.

"Malam, matsi nawa ka ba ta?"

"Ashirin da biyu."

"Minti nawa?"

"Talatin."

"Allura ta sauka?"

"Ba ta motsa ba."

"Ka bi duk layukan?"

"Na bi."

"Gejin yana da takardar awo?"

"Yana da ita, tana cikin fayil."

Sun gode mini. Duka-duka minti bakwai. Babu ƙarya ko ɗaya a abin da na faɗa, na sake bin amsoshin a hanyar gida ɗaya bayan ɗaya. Ba su tambaye ni a ina aka yi gwajin ba, ko ƙarfe nawa.

A mahaɗar hanya wani mai keke ya zage ni. Ya ce daga nesa yake buga mini ƙararrawa. Ta hagu ya fito.

Juma'a, ƙarfe 1:10 na rana

An liƙa sanarwa: gwajin ido na shekara ga masu duba aiki, farkon watan gobe. In babu shi ba a sabunta lasisi.

Katin da ake karantawa a ɗakin shan magani bai canza ba shekara goma sha biyu. Gefensa ya cinye, akwai tabon shayi a kusurwa. Layin ƙarshe mai ƙananan rubutu na san shi kamar sunayen 'ya'yana. Bara na karanta shi tiryan-tiryan, nas ta ce, "Baba, ka fi samari." Ban ce mata da ta juya katin a kife ma haka zan karanta ba.

Na dai rubuta wannan. Ban san me ya sa ba.

Asabar, ƙarfe 10:15 na safe

Na buɗe littafin. Sai da na fita tsakar gida na kawo shi kusa da hanci.

Ga abin da hannuna ya rubuta a ranar: Ganga ta huɗu. Injin ɗaga kaya na rumfa ya lalace, gwaji a fili. Farawa 12:50, zafin jikin ƙarfe digiri 31, allura 22. Gamawa 1:20, zafin ƙarfe digiri 40, allura 22.

Fom gurbi ɗaya gare shi na zafi. Na sa 31.

Ruwan da aka kulle a ƙarfe in rana ta buge shi kumbura yake yi, ba shi da wurin zuwa, sai allura ta hau. Wannan shi ne darasin farko da nake koya wa duk wanda aka turo mini: kada ka yi gwaji a rana, in dole ta sa, to ka sani allura hawa za ta yi. In ganga ta sha rana rabin awa allura ta tsaya cak, ruwa yana fita ta wani wuri daidai gwargwadon kumburinsa. Ni na ga ta tsaya na ji daɗi. Shekara ashirin da shida ina jin daɗin allurar da ba ta motsa ba, har na manta ranar da ya kamata ta ba ni tsoro.

Sauran kuma zan rubuta shi sau ɗaya. Idona na hagu ya tafi tun wata goma sha huɗu, inuwa kawai nake gani da shi. Na dama ya fara dishi-dishi, a rana kuwa ƙarfe fari fat yake zame mini. Ranar na durƙusa a layukan ƙasa ban ga komai ba, ba bushewa ba, ba jiƙa ba. Sai na bi su da yatsa. A kusurwar hagu yatsana ya yi danshi. Na ce ruwan da ya zube ne wajen cikawa. Na duba allura, ta ba ni amsar da nake so, na goge yatsan a wando.

Tsoro nake ji. In na faɗa lasisi ya tafi, sai dai a kai ni sito ina miƙa wa mutane safar hannu, ko a sallame ni. Kuma kowa zai san hannun Dogo aikina ne.

Lahadi, ƙarfe 4:00 na yamma

Auta ta kira daga makaranta. Ta ce ya Kawu. Na ce yana nan. Ta ce, "Baba, ai kai za ka fid da shi, ko?" Na ce layin ba ya jin magana sosai.

Litinin, ƙarfe 5:50 na yamma

Injiniya ta same ni a rumfa ina wanke tiyon famfo. Ta ce sun gama, ranar Alhamis ƙarfe uku za su miƙa wa Manaja rahoto. Kora ce ga Tartsatsi.

"Baba, raina bai kwanta ba," ta ce. "Na auna tazarar da kaina, zafin ɗinki uku bai isa ya buɗe baki biyu ba. Amma takardarka tana nan, ni kuma ba ni da abin da zan ɗora a kanta. Ko akwai abin da ka tuna?"

Na ce tsufa ya fara cin ƙwaƙwalwa. Ta yi murmushi, ta ce in shirya ganga ta biyar, tagwayen ta huɗu ce, Manaja yana so a gwada ta gaban kwamiti ranar Alhamis ɗin kafin a mayar da sashen.

Littafin yana aljihuna duk tsawon maganar. Nauyinsa bai kai na ashana biyu ba.

Talata, ƙarfe 7:05 na safe

Na makara, bari in rubuta kafin in fita.

Maman Auta ta ajiye shayi ta zauna, abin da ba ta yi da safe. Ta ce, "Baban Auta, wata nawa ke nan ina ajiye maka kofi ta dama?"

Na dubi kofin, ta ci gaba.

"Da ta hagu kake sha, shekara talatin. Sau uku ka ture shi a mako ɗaya, sai na canza. Na matsar da tebur daga hanya. In za mu tsallaka titi ni ce ta hagunka, kana cewa na cika manne wa mutum. Ka ɗauka tsufa ne ya sa mini soyayya?"

Na ce, "To me ya hana ki magana?"

"Kai me ya hana ka? Na ce namiji ne, a bar shi da abinsa har ya shirya. Ban san ƙarfe ba, ban san abin da ya faru a wurin aikinku ba. Na dai san mutumin da ba ya ganin kofi a gabansa." Ta ja gefen mayafi ta share hanci. "Ban ce ka yi komai ba. Shi ƙanina ne, kai mijina ne, duk wanda ya faɗi a kaina zai faɗo. Na gaji ne da yin kamar ban sani ba, mu biyu a ɗaki ɗaya kowa yana yi wa ɗan'uwansa wasan ɓuya."

Ta tashi ta ɗauki kofin ta mayar da shi ta hagu, ta shiga kicin. Sai da na lalube shi.

Laraba, ƙarfe 1:30 na rana

Na ce wa Foman a fitar da ganga ta biyar fili, gobe ƙarfe ɗaya saura minti goma. Ya ce injin rumfa ai an gyara. Na ce na sani. Ya ce, "Mai Alli, kai da kake zagin mutane a kan gwajin rana?" Na ce a fitar da ita dai, daidai inda ta huɗu ta kwanta.

Na sayi sabon batir na tocila, ban san don me ba.

Alhamis, ƙarfe 6:10 na yamma

Farawa 12:50. Zafin ƙarfe 30. Allura 22. Manaja yana ƙarƙashin laima, 'yan kwamiti suna fifita da fayil.

Ƙarfe ɗaya daidai allura ta kai 23. Ɗaya da minti goma ta wuce 25. Ɗaya daga cikinsu ya ce gejin ya lalace. Na ce lafiyarsa ƙalau, na buɗe bawul kaɗan na rage matsi kada mu wahalar da ganga. Injiniya ta matso. Ta dubi allura, ta ɗaga kai ta dubi rana, ta dube ni. Yarinyar nan ba a yi mata bayani sau biyu.

Na ciro littafin na buɗe shafin na miƙa mata. Ta karanta, ta miƙa wa Manaja, ta ce, "Ta huɗu ma a nan aka gwada ta, a wannan lokacin. Lafiyayyar ganga hawa take yi, ga shi kun gani. Waccan ba ta hau ba. Tana yoyo tun kafin a taɓa ƙafarta."

Manaja ya juya shafin gaba da baya kamar zai sami wani abu a bayansa. "To in tana yoyo ai da ka gani a faranti, Mai Alli. Kai ne fa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsaya ta nan." Na nuna haguna. Ya tsaya. Na ce ya ɗaga yatsu ko nawa ya ga dama.

Ina jin ƙarar famfon sashen wanki daga nesa.

"Nawa ne?" ya ce.

"Ban ma san ko ka ɗaga ba."

Na faɗa musu sauran, wata goma sha huɗun, da katin ɗakin shan magani, da yatsan da na goge a wando. Muryata ba ta yi rawa ba, kamar ina karanta lambobin wata ganga. Da na gama na miƙa wa Injiniya tocila da alli na ce layukan ta biyar suna jira, ruwa ba ya son a bar shi a matse. Ta karɓa. Ta durƙusa ta karkata tocilar yadda na koya mata, ta fara daga ƙasa ta hagu. Ta daɗe a layin farko fiye da yadda aikin yake buƙata.

Ta biyar ba ta da yoyo ko ɗaya. Ita ta sa hannu.

Juma'a, ƙarfe 12:00 na rana

Na miƙa lasisi a ofis. An ce in zauna a gida har a kira ni. Na biya asibiti na faɗa wa Dogo da bakina, matarsa tana wurin. Bai yi barkwanci ba. Ya ce, "To," ya juya fuska bango. Ita ta riƙe mini ƙofa har na fita.

Litinin, ƙarfe 5:30 na yamma

An mayar wa Tartsatsi hatiminsa ranar Asabar. Bai kira ba, ban kira ba.

Yau da safe na ji babur a ƙofa. Yayarsa ce ta ce ya zo ya kai ni asibitin ido, ta yi mana layi tun makon jiya, ashe tun kafin maganar kofin. Ya shigo ya gaishe ta. Ni ya ce, "Yaya," kawai, ba ina kwana. Hatimin yana rataye a makullinsa, ina jin yana bugun tanki duk hanya.

Mun zauna a benci fiye da awa biyu. Sai da aka kusa kiran lambata ya yi magana, yana kallon ƙasa.

"Kwana goma sha shida, Yaya."

Na ce, "Na ƙirga."

"Ranar da na zo gidanka ina cika baki da idonka, ka sani?"

"Ban buɗe littafin ba tukuna."

"Ba littafi na tambaye ka ba."

Na ce, "Na sani."

Ya gyaɗa kai. Ina tsammanin zai tashi ya tafi, kuma da ya tafi ba zan ga laifinsa ba.

Likita ya ɗiga mini magani ya ce na dama za a iya ceto shi, na hagu mun makara da kusan shekara. Maganin ya sa duniya ta zama fara fat, kamar farantin nan a rana. Na fito ina laluben bango. Akwai matakala shida a ƙofar asibitin, na ƙirga su da muka shigo.

Tartsatsi ya zagayo ya tsaya ta haguna, don haka ban ga fuskarsa ba, ban san wace iri ya yi ba. Hannunsa dai na ji ya kama gwiwar hannuna, da kantar walda a tafinsa, riƙon kuma ya fi ƙarfin abin da matakala shida suke buƙata.

"Sauka," ya ce. "Ɗaya."